Mu Tura 'Ya'yanmu Mata Karatun Lafiyar Ƙwaƙwalwa Da Walwalar Jama'a

Saƙon wannan makon ba na gangami ba ne, ba kuma na rabon atamfa ba. Ku ɗan ba mu aron kunnuwanku.

Kowaccenmu ta san gidan da ake ɓoye wani a ɗaki. Ga maijegon da ta daina magana tun bayan suna, ba ta ci, ba ta son ganin jaririnta. Ga matashin da ƙwaya ta juya wa kai. Ga matar da ta tsero daga garin da 'yan bindiga suka tasa, ko motsi ta ji sai ta zabura. Ai ba a mu'amala da su sai da "Allah ya sawwaƙe", shi ke nan. Addu'a kam wajibi ce, amma addininmu bai hana neman magani ba. To wa zai ba da maganin?

Nan gizo ke saƙar. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 na shaye-shaye a ƙasar nan, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Asibitocin da muke da su, irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, sun yi wa matar ƙauye nisa. Idan muka ce sai likita, wallahi mun daɗe muna jira.

Amma fa ba sai an yi shekara shida a jami'a ake shiga wannan aiki ba. Akwai gajerun hanyoyi a kusa da mu:

Ta farko, kwalejin fasahar lafiya ta jiha. Yarinya mai kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi da darussan kimiyya, za ta yi shekara uku ta fito ma'aikaciyar lafiyar al'umma. Ita ce ke zama a asibitin sha-ka-tafi, ita ce maijego ke fara gani. In ta samu horo kan gane ciwon damuwa, za ta tare shi tun bai yi nisa ba, ta kuma san wanda ya kamata a tura babban asibiti.

Ta biyu, difloma ta shekara biyu a fannin raya al'umma da walwalar jama'a, kamar yadda ake yi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da babbar difloma a gaba ga mai so. Waɗannan su ne ke zama a ofishin walwala, suna sasanta ma'aurata, suna bin kadin marayu, da yaran da aka tsinta, da yarinyar da aka ci wa zarafi.

Ta uku, wadda ta riga ta zama nas tana iya ƙarin kwas na kula da masu taɓin hankali, irin wanda ake yi a makarantar asibitin Barnawa.

Wata za ta ce, "Hajiya, in ta gama ina aikin yake? Kuma wa zai auri mai aiki da mahaukata?" Tambayar farko tana kan hanya, shi ya sa muke cewa aikinmu ne mu matsa wa gwamnati ta buɗe guraben. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Amma doka a takarda ba ta jinyar kowa sai an samu ma'aikata. Tambaya ta biyu kuwa, ita ce ainihin cutar da muke son kawarwa. Mara lafiya ɗan wani ne, gobe yana iya zama naki. Kuma kun sani sarai, akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da kuwa likita ne.

Don haka ga abin da muke roƙo. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta zagaya gida-gida ta rubuta sunayen 'yan mata, zawarawa da matan aure masu kiredit biyar da ke zaune ba karatu. Mu zauna da iyayensu da mazajensu cikin ladabi. A taimaka musu da cike fom, a kuma bincika ko makarantar tana cikin tsarin bashin karatu na NELFUND. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukuma ta amince da makarantar da kwas ɗin, don masu damfara sun yi yawa.

Sannan duk ɗan takara ko zaɓaɓɓen da ya zo neman goyon bayanmu, ko ɗan jam'iyyarmu ne, mu tambaye shi: yara mata nawa za ka ɗauki nauyinsu? In sun gama, guraben aiki nawa? Mu ne ke shan rana a layi ranar zaɓe. Taliya da sabulu sati guda sun ƙare, amma 'yar da ta yi karatu unguwa guda za ta amfana da ita.

Ku tura wa sauran zaurukanku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a. Amin.

Sashen Yaɗa Labarai, Reshen Mata