Ƙarya Fure Take: Shukar Falo Ba Ta Tace Iska

Kwanakin baya na je yi wa wani abokin karatuna barka da tarewa a sabon gidansa a Kaduna. Injiniya ne, mutumin da ba ya sayen ko fanka sai ya karanta takardar da ke cikin kwalinta. Muna shiga falo ya nuna mini tukwane shida jere a kusurwa, ya ce: "Malam, ka ga waɗannan? Su ke tace mana iska. Hukumar NASA ce ta tabbatar." Tagogi a rufe suke ruf, an saki labule mai kauri, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, janareta kuma na ruri a bayan kicin. Da na koma bayan wata uku, huɗu daga cikin shukokin sun mutu, biyun da suka rage ganyensu ya yi ɗorawa.

Wannan magana ta tace iska ta zama jarin masu sayar da furanni a bakin titi da masu talla a Instagram, kuma abin takaici, 'yan boko ne suka fi saye. Ina so in faɗa ba tare da kwana-kwana ba: shukar da ke falonka ba ta tsabtace iskar da kake shaƙa ta yadda za ta amfani lafiyarka. Imani da hakan yana kashe shukar, wani lokacin ma yana jefa mai gidan cikin haɗari.

Ga asalin zancen. A shekarar 1989 wani masani mai suna B. C. Wolverton ya fitar da rahoto ƙarƙashin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da haɗin gwiwar wata ƙungiyar 'yan kwangilar ƙawata harabar gine-gine. Tambayar da ke gabansa ita ce ko tsirrai za su iya rage guba a wuri rufaffe, irin tashar da 'yan sama jannati ke zama. Sai ya sanya shuka cikin ƙaramin akwati da aka toshe kowace kafa tasa, ya ɗura sinadarai irin su benzin da fomaldihaid, ya auna abin da ya rage bayan awa 24. Sinadaran sun ragu, wannan gaskiya ne. Amma gidanka ba akwati ba ne. Iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, fenti da kujeru da girki kuma suna ci gaba da fitar da sabon gurɓatacce dare da rana.

A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya, Bryan Cummings da Michael Waring, suka tattara bincike 12 na irin wannan gwaji, suka lissafa abin da sakamakonsu ke nufi a ɗaki na gaske. Suka gano cewa kafin tsirrai su yi aikin da musayar iska da waje ke yi a gini na yau da kullum, ana bukatar shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. Ɗauki ɗakin kwana mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi. Mafi ƙarancin abin da zai ishe shi tukunya 160 ne. A ina za ka ajiye gado?

Akwai kuma masu cewa a ajiye wata shuka kusa da matashi domin tana fitar da oksijin da dare. Abin da irin waɗannan tsirrai ke yi shi ne buɗe ƙofofin ganyensu da dare su zuƙi iskar kabon, dabara ce ta tattalin ruwa a wuri mai zafi. Oksijin kuwa sai da haske ake samar da shi. Ko ma ba haka ba, mutum guda na shaƙar ɗaruruwan litoci na oksijin a yini, iskar duniya kuma kashi 21 cikin ɗari oksijin ce tun asali. Gudummawar tukunya ɗaya ba ta kai ɗigo a randa ba.

Wani zai ce, to mene ne laifi, ai ƙarya ce marar cutarwa. Laifin shi ne abin da ke gurɓata iskar gidajenmu ya fi ƙarfin ganye: hayaƙin janareta, gawayin da ake shigarwa ɗaki don jin ɗumi a lokacin sanyi, risho, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta a ɗaki rufaffe, ƙurar hunturu. Iskar kabon monoksaid da janareta da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mun ji labarin iyalin da suka kwanta lafiya aka wayi gari babu su. Mutumin da ya gamsu cewa shuka na tsaronsa, shi ne mai saurin barin taga a rufe. Maganin iskar ɗaki a nisanta janareta daga tagogi, a fitar da gawayi waje, a buɗe taga idan gari ya yi garau.

Ita ma shukar tana biyan kuɗin wannan ƙarya da ranta. Wanda ya saye ta a matsayin na'ura zai ajiye ta inda yake ganin iska ba ta da kyau, wato lungun falo ko banɗaki marar taga, alhali abincinta haske ne. Hasken rana tsaka a waje kan kai ma'aunin luks 100,000, ofis mai fitilu kuwa yakan tsaya tsakanin 300 da 500. Idonmu na sabawa da duhu har mu ɗauka ɗakin na da haske, ganye ba ya sabawa. Idan mai sayarwa ya ce maka shuka kaza tana son duhu, ma'anar maganarsa ita ce za ta daɗe kafin ta mutu. Ka matsar da ita kusa da taga, inda za ka iya karanta jarida da rana ba tare da fitila ba, amma ka kare ta daga zafin ranar la'asar da ke ƙona ganye ta bayan gilashi.

Sai ruwa, wanda ya fi ƙishirwa kashe shukar ɗaki. Saiwa na numfashi. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ta ƙare a cikinta, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi laushi kamar mai jin ƙishi, mai gida ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Umarnin da ake bai wa mai aiki na "ba ta ruwa kowace safiya" hukuncin kisa ne. Ka cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi, ka bari. Tukunyar ta kasance da huji a ƙasa, tukunyar yumɓu ta maginanmu kuma ta fi ta roba domin tana tsotse rarar danshi. Kada a cika ta da laka zalla, a gauraya da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki. Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashinta a zubar, haka ruwan kwalbar da ake renon reshe a ciki a riƙa sauya shi duk bayan 'yan kwanaki, don irin sauron da ke yaɗa shawara da zazzabin denge ya fi son ƙyanƙyasa a irin wannan ɗan ruwa mai tsabta.

Kowace shuka kuma tana ɗauke da halin ƙasarta. Sansevieria, mai ganyaye a tsaye kamar takubba, 'yar Afirka ta Yamma ce, dangin modar da ake tuƙa tsarkiyar baka da zarenta. Tana adana ruwa a jikinta, makonni biyu ko uku ba ruwa ba sa damunta. Ficus lyrata, mai faffaɗan ganye da ake yayi a ofisoshi, dangin ɓaure da ceɗiya ce daga dazuzzukan ruwa tsakanin Saliyo da Kamaru. Tana son haske sosai, ba ta son a yi ta ɗaukar ta daga nan zuwa can. Monstera daga dazuzzukan kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ta fito, don haka hunturunmu, lokacin da danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, azaba ne gare ta. A wannan lokaci a haɗa irinsu wuri ɗaya, a kawar da su daga saitin na'urar sanyaya ɗaki, a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙura na tare haske. Mai ƙananan yara kuma ya san cewa Dieffenbachia, mai ganye da ɗigon fari, tana ƙona baki ta kumbura harshe idan an tauna, ruwan ƙariya ma dafi ne. A ɗaga su inda hannu ba ya kaiwa.

Ba ina hana kowa sayen shuka ba ne. Ni ma ina da su, kuma ganin sabon ganye na warwarewa da safe ya ishe ni lada. Kyau dalili ne mai zaman kansa, ba ya bukatar takardar shaida daga NASA. Abokina ya matsar da tukwanensa biyu bakin taga, ya ɗage labule, ya sa an mayar da janareta can jikin katanga. Da na kira shi makon jiya ya ce ɗaya ta yi sabon tsiro.