Wasan No Man's Sky: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

'Yan'uwana ɗalibai, wani abokina ne ya tambaye ni ko ya sayi wasan kwamfuta mai suna No Man's Sky, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kamfanin Hello Games na ƙasar Ingila ne ya fitar da shi a watan Agusta na 2016. A cikinsa mutum zai hau kumbo ya yi ta yawo tsakanin duniyoyi, yana haƙar ma'adinai, yana gina sansani, babu mai ce masa ga inda zai nufa.

Da farko wasan ya sha suka, domin an yi alkawarin abubuwan da ba a gani ba, har da yin wasa tare da abokai. Sai a 2018 aka cika wannan alkawari, kuma kamfanin ya ci gaba da ƙara sababbin abubuwa kyauta.

To, daɗin yana ɗorewa? A ganina, ya danganta da mai wasan. Makon farko ko barci ban yi sosai ba. Zuwa mako na uku sai na lura tsirrai da dabbobin sun fara kama da juna, domin lissafin kwamfuta ne ke ƙera su. Abin da ya riƙe ni shi ne gidan da na ƙudura ginawa a bakin wani teku.

Saboda haka, in kai mai son a ja ka da labari ne, riƙe kuɗinka. In kuwa kana iya yanka wa kanka aiki, saya, amma jira lokacin rangwame. Kuma bari sai an gama jarrabawa, domin wasan ba ya ƙarewa, zangon karatu kuwa yana ƙarewa.