Waiwaye: Darussan da suka mutu tare da Flash

A ranar 12 ga Janairun 2021 kamfanin Adobe ya toshe manhajarsa ta Flash Player, ta daina buɗe komai. Yawancin masu hawa intanet ba su ma san an yi ba, domin YouTube da sauran manyan shafuka sun daɗe da rabuwa da ita. Inda abin ya yi ɓarna shi ne shafukan makarantu da jami'o'i da cibiyoyin horar da ma'aikata. Darasin da jiya ɗalibi ke buɗewa ya ja sassan zuciya ya ajiye kowane a gurbinsa, ko ya haɗa batir da waya da ƙwan lantarki ya ga wuta ta kama, washegari sai ya tarar da fili fayau. Aikin malamai na shekara da shekaru ya tsaya cak a rana guda.

Ba wauta ce ta sa malaman suka dogara da Flash ba. Kamfanin Macromedia ya fito da ita a 1996, Adobe ya saye kamfanin a 2005, kuma a tsakanin nan ta shiga kusan kowace kwamfuta mai hawa intanet. A zamanin ita ce hanya mafi sauƙi ta haɗa murya da hoto mai motsi da tambayoyi a shafi ɗaya. Sai kuma manhajojin haɗa darasi irin su Articulate da Captivate suka zo, suka sauke wa malami nauyin koyon rubuta manhaja. Ya ɗauko darasinsa na PowerPoint, ya naɗi muryarsa, ya ƙara tambayoyi goma, ya danna maɓalli, darasi ya fito. Ga manhajar karatu ta Moodle da Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar a 2002 tana jiran a ɗora mata, ga ƙa'idar SCORM da ke sa a rubuta makin kowane ɗalibi ba tare da malami ya ɗauki biro ba. Abin da a da sai an tara ƙwararru an yi watanni, malami ɗaya ya fara gama shi tsakanin Azahar da Isha'i. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ban yarda a raina shi ba.

Sai dai ginin a filin aro aka yi shi. Flash mallakar kamfani ɗaya ce, shi ke da ikon raya ta, shi ke da ikon kashe ta. Tun a Afrilun 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilin da ya sa iPhone da iPad ba za su karɓe ta ba, ya ambaci tsaro da cin batir da rashin dacewa da taɓa fuskar waya. A Yulin 2017 Adobe da kansa ya sanar cewa zai janye hannu a ƙarshen 2020. An ba da wa'adin sama da shekara uku ke nan. Wanda ya adana fayil ɗinsa na asali zai iya buɗe shi a sabuwar manhaja ya sake fitar da darasin da HTML5, yaren da kowace burauza ke ganewa. Wanda kuwa ya ba ɗan kwangila aikin aka miƙo masa kammalallen darasi kawai, ko malamin da ya haɗa shi ya yi ritaya ya tafi da kwamfutarsa, ba shi da abin gyarawa. Sai dai ya fara daga farko.

Waɗanda suka tsira su ne suka farga da wuri. A Norwe, NDLA, wato haɗakar da gundumomin ƙasar suka kafa domin samar wa makarantun sakandare kayan karatu kyauta, ta ga tana buƙatar abin da zai maye gurbin Flash. Daga wannan buƙata H5P ta fito a 2013, wani ƙaramin kamfani mai suna Joubel a garin Tromsø ne ya riƙa kula da ita, kuma an bar ta a buɗe ga kowa. Jami'ar Nottingham da ke Ingila ta sauya manhajarta Xerte daga Flash zuwa HTML5. PhET, shirin gwaje-gwajen kimiyya da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, ta zauna ta riƙa sake rubuta gwaje-gwajenta ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci shekaru.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, akwai ɗaliban da tun Flash na da rai darussan nan a mace suke a wajensu. Makaho yana amfani da kwamfuta ne ta hanyar manhajar da ke karanta masa rubutun da ke allo. In ta iso kan darasin Flash, sai in mai haɗa shi ya yi ƙarin aiki na musamman, wanda kaɗan ne suka yi, ba ta samun abin karantawa, ko ta yi ta faɗin "maɓalli, maɓalli" ba tare da ta san na mene ne ba. Kurma ya buɗe bidiyo, malami na ta bayani, babu rubutu a ƙasa. Mai rawar hannu aka ce ya ja hoto da linzamin kwamfuta ya ajiye a ɗan ƙaramin akwati. Ba a rasa ƙa'ida ba: tun 1999 aka fitar da WCAG, aka sabunta ta a 2008, kuma ta fayyace cewa kowane hoto ya samu bayani a rubuce, kowane bidiyo ya samu rubutun abin da ake faɗa, kuma a iya bin shafi da madannai kaɗai. Sauri ne ya sa aka tsallake. Manhajar ta yi alkawarin gama darasi cikin awa biyu, rubuta bayanin hotuna ashirin kuwa zai ƙara wata awa, sai aka bar gurbin a wofi.

Mu a nan mun ɗanɗani irin wannan ta wata ƙofa. Da aka rufe makarantun Nijeriya a Maris 2020 saboda korona, malamai da yawa sun koma WhatsApp, suna ɗaukar hoton shafin littafi ko allon aji suna turawa. Ƙoƙari ne abin a yaba, ba su da wani zaɓi. Amma hoton rubutu a wajen ɗalibi makaho daidai yake da darasin Flash, ga shi kuma ya fi rubutu cin data nesa ba kusa ba. Darussan rediyo da jihohi irin su Kano da Kaduna suka watsa sun fi isa ga makafi, su kuma suka bar kurame a baya. Da malamin ya buga bayanin nan da haruffa, ya haɗa da ɗan gajeren saƙon murya, da ya isa ga ɓangarorin biyu da kuɗi kaɗan.

Kayan aikin yau sun fi na jiya kyau. Tun 2020 H5P take cikin Moodle kanta, akwai kuma Lumi da ke ba malami damar haɗa darasin H5P a kwamfutarsa ko babu intanet. Darasin fayil ne guda da za ka sauke, ka ajiye, ka ba abokin aiki ya buɗe ya gyara. Duk da haka manhaja ba ta yi wa malami tunani. Gurbin bayanin hoto yana nan, amma malamin ne zai cike shi. Tambayar cike gurbi za ta ƙi amsar yaron da ya rubuta "dalibi" saboda wayarsa ba ta da harafin ɗ, sai in malamin ya sa rubutun biyu cikin amsoshin da za a karɓa. Bidiyo mai nauyi zai buɗe lafiya a ofishin shugaban sashe, ya maƙale a wayar ɗalibar da ke ƙauye.

Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma a ganina darasin da ke kan waya ma aji ne, dokar ta shafe shi. Duk makarantar da za ta biya a haɗa mata darussa, ta rubuta a yarjejeniya cewa fayilolin asali nata ne, ta kuma ajiye rubutun da muryoyin da hotunan daban. Kafin a saki darasi kuma, a gwada shi da NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka haɗa tun daga 2006. Malamin ya cire linzamin kwamfutarsa, ya kashe hasken allon, ya yi ƙoƙarin kai wa tambaya ta ƙarshe da kunne da madannai kawai. Sannan ya kira ɗalibinsa makaho ya gwada, ya zauna kusa da shi yana rubuta duk inda ya tsaya.