Ciwo huɗu, tushe ɗaya

Ɗan'uwa, a kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui kowane ciwo yana da mai sayar da maganinsa. Mai zawo ya sayi na zawo, mai ciwon gwiwa ya sayi na sanyi, mai jan ido ya sayi na ɗigawa. Ra'ayinmu shi ne wannan rarrabawa tana cutar da mutane, gama wani lokaci duk ciwon nan daga tushe ɗaya suke.

Akwai cutar da ake kira kumburin hanji mai daɗewa. Iri biyu ce. Ɗaya tana cin babban hanji kaɗai. Ɗayar tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ana ce mata cutar Crohn, da sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1932. Garkuwar jiki ce take juyowa ta yaƙi hanjin mai ita. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarta daga wani. Alamunta su ne zawo da jini ko majina na makonni, murɗar ciki, rama da kasala. Takan lafa, ta sake tashi.

Garkuwar nan ba ta tsaya wa hanji kaɗai ba. Wajen mutum 1 cikin 3 ko 4 masu cutar yakan ji ta a wani wuri. Gwiwa ko idon sawu ya kumbura. Ƙugu ya sandare da safe, sai an motsa ya saki. Ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske. Jajayen ƙulluwa masu zafi su fito a ƙwauri, ko gyambo ya ƙi warkewa. Baki ya yi ƙuraje. A wasu kuma hanyar matsarmama takan toshe, ido ya yi rawaya, jiki yana ƙaiƙayi. Wani lokaci ma gaɓoɓi ko ido sukan riga ciki nunawa.

Za ka ce, "Ai atini ne, ko basir." Gaskiya ne, yawancin zawon jini a nan ƙwayoyin cuta ne daga ruwa da abinci, tarin fuka ma yakan kama hanji. Shi ya sa gwaji ya zama dole. Maganin da yake kwantar da garkuwar jiki yana iya ƙara wa mai atini ko tarin fuka ciwo. A Bangui akwai Asibitin Communautaire da Asibitin Amitié, akwai kuma Cibiyar Pasteur inda ake gwajin jini da bayan gida.

Ga haɗarin maganin kasuwa. Ibuprofen da diclofenac da ake sha domin gwiwa suna iya tayar da ciwon hanji, su ƙara zubar jini. Wasu magungunan ɗigawa kuma suna iya ɓata ido in ba likita ne ya duba ba. Mun san asibiti yana cin kuɗi. Amma ka lissafa abin da ka kashe a teburin mai magani shekara guda ba sauƙi.

In zawon jini ya ƙi tsayawa bayan magani, ko ya tafi ya komo, je asibiti. In ido ya yi ja da zafi har gani ya ragu, kada ka kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: gaya wa likita dukan abin da yake damunka, har maganar bayan gida da kake jin kunyarta. Ku mata, ku faɗa. Ku iyaye, ku lura da yaron da ba ya girma yana yawan zawo.

Cutar ba ta rabuwa da mutum da shan magani na mako ɗaya, amma ana iya kwantar da ita, mutum ya koma gonarsa da kasuwarsa. Allah ya ba mu lafiya.