A bar wa tsohuwa furfurarta

Austin Seven ƙirar Ruby, wadda aka fito da ita a Ingila a 1934, ƙaramar mota ce mai rufi. Injinta 747cc ne kacal, birkinta waya ke jansa, kuma da ƙyar take wuce kilomita 80 a awa. Duk wanda ya saye ta yau ya san abin da ya saya. Shi ya sa nake jin takaicin masu kuɗin da ke kai irinta gareji, su tuɓe mata komai, su fito da ita tana ƙyalli fiye da ranar da ta bar masana'antar Longbridge, sa'an nan su kira wannan gyara.

Gyara shi ne a yanke inda tsatsa ta ci a yi walda, a sake wayoyin wuta da suka ruɓe, a ɗinke fatar kujera inda ta yage. Amma fentin da ya dusashe a gefen ƙofa, inda gwiwar hannun direba ta shekara tana gogawa, shaida ce, kuma ba a sayen irinta a kanti. Wanda ya kankare shi ya shafe shekara tasa'in da injin feshi a yini guda.

Mafi muni su ne masu cire injin su dasa batir. Hujjarsu ita ce hayaƙi, alhali motar da ake fitarwa ran Lahadi kaɗai ba ita ta ɗumama duniya ba. A 2019 ƙungiyar FIVA, mai kula da motocin tarihi a duniya, ta bayyana cewa motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun na tarihi. Ta yi daidai. Wannan ƙaramin injin ne BMW ta fara ƙera mota da tsarinsa, da sunan Dixi; in an cire shi, me ya rage ban da gwangwani?

Za a ce dukiyarsa ce, ya yi yadda ya so. Haka ne a shari'a. Sai dai Austin ta daina ƙera Seven tun 1939, don haka kowace da aka lalata ta tafi ke nan.

Har manyan alƙalan wannan fage sun fara farga. A gasar Pebble Beach ta Amurka a 2024, Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ta ba ce ta lashe babbar kyauta, da tabonta da komai.