Shin Kwamfuta Tana da Ƙwaƙwalwa?

Masu fassara sun saba kiran ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta da sunan "ƙwaƙwalwa". Wannan suna yana ɓad da ɗalibi, domin ma'ajiyar ba ta tunani, kuma da zarar lantarki ya ɗauke sai ta wayi gari wayam. Mai tafiyar da ita shi ne jigon manhajar da ke mulkin na'urar, watau kanal.

Aikin kanal ya fi kama da na sarkin kasuwa. Yakan yanka ma'ajiyar gunduwa-gunduwa, galibi kowace bayit 4096, ya raba wa manhajoji tamkar rumfuna, ya hana wata shiga rabon wata. Idan wuri ya ƙure, sai ya kwashe gunduwar da aka daɗe ba a taɓa ba zuwa faifai, ya maido ta in an neme ta. Wannan dabara ta samo asali daga na'urar Atlas ta Jami'ar Mancesta, a Ingila, a 1962.

Ashe ke nan rabon wuri ake yi, ba tunani ba. Wajibi ne masana Hausa su fahimci aikin abu kafin su raɗa masa suna, su kuma gyara wannan tun bai kafu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.