A Horar da Masu Bincike kan Ƙanjamau

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan horar da masu binciken lafiya.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Amma a tsakanin maza masu neman maza, wani bincike na 2014 ya sami kusan kashi 23. Wannan tazara ta isa ta hana likita barci. Bayan dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, wani bincike a Abuja ya gano da yawa daga cikin waɗannan mazan sun ƙara jin tsoron zuwa asibiti. Wanda ya ɓuya ba ya gwaji, ba ya shan magani, cutar kuma ba ta tsayawa a kansa. Wasunsu magidanta ne masu mata da 'ya'ya.

Bincike irin wannan sai ƙwararre, wanda ya iya riƙe sirri, ya iya tambaya ba tare da tozartawa ba. Ina kira ga jami'o'inmu da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa (NACA) su horar da matasan likitoci da malaman jinya kan wannan aiki.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar lafiya, Kano